Wadda Ke Gefen Hoton Rago

"Taɓa wanga ragon."

Sama'ila bai yi sallama ba, bai ma kashe babur ɗin ba. Waya kawai ya miƙo mata a ƙofar gidansu da ke Bodinga, inda take tsaye da tsintsiya a hannu.

Juwairiyya ta yi murmushi. "Sarkin Raguna, daga Kajiji har nan ko gaisuwa babu?"

"Juwai, taɓa shi."

Ta karɓa. Shafin da ke kan wayar ba baƙonta ba ne, ita ta gina shi da hannunta. Sama'ila kiwon ragunan layya yake yi, ita kuma kwamfuta ta karanta a Sakkwato. Da Babbar Sallah ta matso sai ta buɗe masa shafi a intanet, ta jera hotunan ragunansa ƙanana ƙanana, kowanne da sunansa, don mutanen birni su gani daga inda suke zaune.

Ta ɗora yatsa a kan babban uda ɗin nan, mai baƙin gaba da farin baya.

Hoton ya buɗe, ya cika fuskar wayar.

Ga ragon. Ga Sama'ila riƙe da ƙahonsa yana dariya. Can gefe kuma, bakin zana, wurin da ƙaramin hoton ya yanke...

Inna Bara'atu ce, mahaifiyarsa. Ƙwarya a hannunta ta karkace, nono yana zuba a kan ƙafarta ba ta sani ba. Idonta na kan Sama'ila, fuskarta cike da wani irin murmushi da ba a yi wa kowa shi sai mutum ɗaya.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Juwairiyya.

Wanda bai san gidajen makiyayan Kajiji ba zai ce to mene ne, uwa ta kalli ɗanta. Amma Sama'ila ɗan fari ne. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwar babansa, Goggo Ruƙayyatu. Inna Bara'atu ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan yaron" take cewa, ko "ɗan Ruƙayyatu". In ya shigo ta ƙofa, ita idonta na kan tukunya. Da wannan kunyar aka san ta, da ita ake ba amare misali. Ana cewa tarbiyya ce babba, wataƙila kuma haka ne, sai dai ba a cika tambayar ɗan farin yadda ya ji da ita ba.

"Wa ya gani?" ta tambaya.

Ya ce ta tambayi wanda bai gani ba, shi ne zai fi sauƙin faɗa. Safinatu, ɗiyar kawunsa, wadda tun suna yara dangi ke tsokanar su da mata da miji har ta ɗauki abin da gaske, ita ta fara cin karo da hoton. Yanzu yana cikin wayar kowace mace daga Kajiji zuwa Horo Birni. Jiya an yi suna a Dandin Mahe, Inna na shiga mata suka hau tafi suna cewa ga mai kallon ɗan fari ta iso, har wata ta tambaye ta ko nonon ya gama zuba. Ko zama ba ta yi ba ta juyo gida.

"Kuma kawo kayan aurenmu da anka sa ranar Juma'a..." Ya sunkuyar da kai. "Ta aiko Goggo tac ce ita babu ruwanta da auren wancan yaron. Amma yarinyar da ta kware mata baya ba ta shiga gidanta."

Duk Kajiji an san ma'anar babu ruwan Inna Bara'atu. Babu ruwanta, amma ko akuya ba a sayarwa a gidan sai ta ɗaga gira.

Sama'ila ya karɓi wayar, ya tsaya yana kallon hoton. A hankali ya ce, "Kin san ban taɓa sanin tana da wushirya ba?"

Sai a lokacin ya kashe babur ɗin.

*

Laifin nata ne, kuma ta san daidai inda ta yi shi.

Kowane ƙaramin hoto a jerin yana da mahaɗi a bayansa, ɗan layin rubutu da ke gaya wa waya inda za ta kai mutum in ya taɓa. Manhajar da ake gina irin waɗannan shafuka da ita, in ba a hana ta ba, babban hoton na asali take buɗewa. Juwairiyya ta lura tun farko cewa manyan hotunan sun ɗauko cikin gida, shanya da turmi da ƙofofin ɗakuna, ko da yake ba ta taɓa ankara da Inna ba. Maimakon ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yankewa, sai ta shiga cikin ainihin fayil ɗin manhajar ta share layin da ke yin mahaɗin. Aiki ya yi, ta yaba wa kanta.

A makaranta an ja musu kunne kan haka. Amma tana sauri, kuma mai soyayya bai cika tuna darasi ba.

Cikin makon nan manhajar ta sabunta kanta, sabon fayil ya hau kan tsohon, gyaranta ya tafi, duk mahaɗan suka dawo.

Mahaifinta, Malam Sodangi, da ya ji labari daga bakin rumbun albasarsa, cewa ya yi in ba su so su bari, ɗiyarsa ba albasar damina ba ce da za a ce sai an rabu da ita kafin ta ruɓe. Ya ƙara da cewa shi da ma Kajiji ta yi masa nisa. Mahaifiyarta kuwa ta ce ta ajiye kuka ta je ta gyara ɓarnar da ta yi tukuna.

Ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta buɗe laftof.

Wannan karon ba ta taɓa jikin manhajar ba. Masu yin ta sun bar wasu wurare da gangan, ƙugiya ake ce musu, inda mutum zai rataya nasa umarnin. Duk sanda manhajar ta haɗa mahaɗin wani hoto, kafin ta fito da shi sai ta miƙa wa abin da ke rataye a ƙugiyar, ya gyara, ya mayar mata. Juwairiyya ta buɗe ɗan fayil nata daban, ta rubuta masa aikinsa: ka karɓi mahaɗin, ka cire adireshin babban hoto, ka sa lambar WhatsApp ta Sama'ila tare da sunan ragon. Ta rataya, ta adana.

Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara.

"Juwai, an kwashe mini raguna."

Ta miƙe tsaye. Sai ya ce ba na garke ba, na shafi. Ko ɗaya babu, fari fat.

Ta duba rubutun, sai dariya ta kama ta duk da hawayen da ke idonta. Ta gaya wa umarnin ya karɓa ya gyara, ta manta ta ce ya mayar. Shi kuwa ya karɓe ya riƙe abinsa. Ta ƙara layi guda.

"Duba yanzu, ranka ya daɗe."

"Sun dawo... Kai, har da gurgun." Ya sassauta murya. "Hasken Bodinga, dariyarki nika ji?"

"Kuka nake yi."

"To ci gaba, ya yi miki kyau."

Ta bi manyan hotunan ta sauke su daga shafin, ta mayar da yankakku. Kafin la'asar babu sauran hanyar da wani zai bi ya ga cikin gidan. Amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mata ya shiga, wannan babu ƙugiyar da za ta jawo shi.

Wani abin haushin kuma, tun da hoton ya bazu masu saye suka yi ta kira. Kowa ragon Inna yake nema, har sunan ya bi shi.

*

Goggo Ruƙayyatu ce ta aiko a kawo mata yarinyar. Ta ce ita ta yi wa Sama'ila wanki da goyo, ba za ta zauna tana kallo a rushe mata biki saboda an kama Bara'atu da laifin son ɗanta ba.

Da hantsi suka kama hanya, Juwairiyya da hijabi har ƙasa da jakar laftof a cinya, a bayan ɗan acaɓa, Sama'ila na gaba da nasa babur yana nuna musu inda ruwan farko ya ci hanya. A ƙofar gida ya tsaya. Nan iyakarsa. Goggo ce ta tare ta, ta shiga da ita.

"In tac ce a'a fa?" ta tambaye shi ƙasa ƙasa.

Ya ce to sai ya koma Bodinga ya roƙi Malam Sodangi aikin juya albasa, ya tsufa a bakin rumbu yana leƙenta. Ta harare shi. Ya ce da gaske yake, shi dai ba ya da wata sai ita.

Inna Bara'atu na zaune a ɗakinta kan tabarma, doguwa siririya, tana tsince wake. Safinatu na gefenta tana mata fifita, ta ci kwalliya kamar mai zuwa biki. Juwairiyya ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta gaishe ta. An amsa, amma wa waken aka amsa.

Ta ba da haƙuri. Ba ta ce tsautsayi ba ne, ba ta ce na'ura ce ta yi ba. Ta ce ita ta ɗauki hoton, ita ta sa shi, ita ta yi gyaran ganganci.

Safinatu ta taɓe baki. Ta ce ai kowa ya ga yadda ciniki ya buɗe, wa zai yarda ba da gangan aka yi ba. Kuma irin wannan abu in an rufe yau gobe yana buɗewa, tunda ga shi ya taɓa buɗewa da kansa. Ita ta san wani a Shagari da zai goge hoton daga wayar kowa, in dai Inna ta bar mata maganar a hannunta.

Sai a nan Inna ta ɗago. "Ke ɗiyar Bodinga. Ana iya goge shi daga wayar kowa?"

Juwairiyya ta ji Goggo na taka mata ƙafa, alamar ta ce e.

"Ba a iyawa, Inna. Wanda ya ce zai iya, ƙarya yake yi."

Goggo ta rufe ido ta yi salati a ciki.

"To wanda kinka rufe, mi za ya hana shi buɗewa?"

Juwairiyya ta duba ɗakin, idonta ya sauka kan bango. Ta ce na farkon kamar ta yi zane ne a jikin bango, da aka zo yaɓen shekara aka shafe shi. Na yanzu kuwa ba a jikin bangon yake ba, a kan maratayi yake, irin wanda faifan can ke rataye. A yi yaɓe sau nawa aka ga dama, faifan na nan inda yake.

Inna ta kalli faifan, ta kalle ta. Ta ce ita ba ta sayen saniya da labari, a ba ta ta gwada.

Juwairiyya ta matsa da gwiwa ta miƙa mata waya. Inna ta goge yatsa a zane, ta dangwala wa wani farin rago balami. Babu zana, babu cikin gida. Akwatin saƙo ne ya buɗe, da sunan ragon a rubuce, can sama kuma ɗan hoton Sama'ila da hularsa a karkace.

Ta janye yatsa kamar ta taɓa garwashi.

Aka koma baya, ta taɓa wani. Shi ne. Ta taɓa gurgun. Shi ne dai.

"Wanga wane irin aiki na? Ko'ina anka taɓa, wancan yaron ka hitowa."

"Nima da haka nake fama, Inna..."

Maganar ta riga ta fita kafin ta kama bakinta. Ta ja hijabi ta rufe fuska, tana fatan ƙasa ta tsage. Goggo Ruƙayyatu ta kwashe da dariya har da buga cinya, tana cewa Allah ya kawo mata suruka mai gaskiya, wannan ko an ce ta yi ƙarya ba ta iyawa.

Inna ba ta yi dariya ba. Amma ta daɗe tana tsintar ƙwayar wake ɗaya.

Can ta tambaya ina uwar hoton take, wadda aka haifi sauran daga gare ta. Juwairiyya ta ce tana cikin laftof, ita kaɗai ta rage a wurinta, kuma ta zo da ita ne don a goge a gaban Inna. Ta buɗe, ta juya mata.

Inna ta yi masa kallo ɗaya ta yamutsa fuska. Wanda aka nuna mata a Dandin Mahe, ta ce, an zagaye kanta da jan zobe, har da kibiya don kada wani ya kuskure. Ina zoben yake a nan?

Juwairiyya ta ce ita ba ta sa zobe ba.

"To wa ya sa?"

Mafici ya tsaya a hannun Safinatu. Ta ce wai ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta tashi, har tana tuntuɓe da takalmi a bakin ƙofa.

"Gidansu ba su ɗora tukunya sai azahar," Goggo ta faɗa wa rufin ɗaki.

"Ruƙayyatu, ba ni wuri."

Goggo ta fita tana gunaguni. Inna ta sa Juwairiyya ta saki labule. Sannan ta jawo laftof ɗin gabanta da hannu biyu, a hankali, kamar kwanon da ya cika.

"Juya ki dubi bango."

Ta juya.

A waje ana daka, raguna na kuka, wata yarinya na kiran kaji. Juwairiyya ta ƙirga tsagar bango har ta gaji. Ta ɗauka tsohuwar kanta take kallo, tana auna girman abin kunyar da aka yi mata.

"Wanga tabo da ke saman girarshi... na mine ne?"

Sai a lokacin ta gane. Ba gefen hoton Inna ke kallo ba.

Ta amsa ba tare da ta juyo ba. Ta ce na faɗuwar da ya yi da babur ne bara, a hanyar Horo Birni, har sai da aka yi masa ɗinki.

"Ɗinki." Muryar ta yi ƙasa. "Ce mini anka yi ƙujewa ce."

Shekara kusan talatin tana ganin ɗanta ta wutsiyar ido, ta bayan zana, ta ƙasan gyale. Yau ga shi an ajiye mata shi, ya tsaya cak, ba ya juyowa balle su haɗa ido, kuma babu mai ganinta.

"Kunnen babana gare shi," ta faɗa, ba da kowa ba. Sai kuma, da ɗan faɗa, "Ya rame. Ruƙayyatu ba ta iya miya ba, tun muna amare."

Juwairiyya ta cije leɓe. Hawaye ke zubo mata, dariya kuma na neman ƙwacewa.

"Juyo."

Ta juyo. Idon Inna a bushe yake, fuskar nan ta koma yadda aka san ta. Gefen zanenta ne kawai ya jiƙe.

"In goge, Inna?"

"Ana iya yanke mutum a bar wani?"

"Ana iyawa."

"To yanke ni. Ki jefar." Ta ɗan tsaya. "Shi ki bar shi."

Juwairiyya ta ja layi, ta yanke zana da ƙwarya da mai ƙwaryar, ta goge na asalin a gabanta. Saura rago da mai rago. Inna ta ce ragon ma a rage shi, ya cika wuri. Sannan ta tambaya ko a Sakkwato har yanzu ana wanke hoto a takarda, irin wanda ba ya buƙatar caji. A wanko mata ɗaya, ƙarami, wanda zai shiga ƙasan kwalla. Kada a ba Ruƙayyatu, kada a ba kowa, kuma in wancan yaron ya ji labari to ta san bakin da ya fito.

"To, Inna. Yaushe zan kawo miki?"

Inna ta jawo tiren wakenta.

"Kina ta yawo a kan babur kamar marar gida? Ki sa shi ƙasan akwati. Ranar da anka kawo ki, ki ba ni."

Juwairiyya ta sunkuyar da kai ta yi godiya.

A ƙofar gida ta tarar da Sama'ila ya kusa haƙa rami da kai da kawowa. Ya tare ta da ido. Ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, sai da ya biyo ta yana kiran Juwai, Juwai, don Allah, sannan ta ce ya gaya wa baffanninsa Juma'a na nan yadda take.

Ya dafe bango. Ya yi hamdala, ya sake yi. Sai ya tambaya mi tac ce, ta yi maganarsa?

"Ta ce ka rame."

"Inna? Ita tac ce haka?" Ya dubi hannayensa, ya shafa wuyansa. "Yaushe ta gan ni?"

"Maganar mata ce, Sarkin Raguna. Kira mini ɗan acaɓa."

Bayan Sallah da 'yan makonni aka kawo amarya Kajiji. Malam Sodangi, mai cewa garin ya yi nisa, shi ya riga kowa aiko da buhun albasa. Gida ya cika, ana guɗa, Goggo Ruƙayyatu na rawa da sabon zane. Da aka kai amarya gaida uwar miji, ta zaro wani ɗan ƙunshi daga cikin mayafi ta tura ƙarƙashin tabarma.

Inna Bara'atu ta ɗora ƙafa a kai. Ta ɗaga murya yadda duk matan za su ji, ta ce ita ba ta san dalilin da aka kawo mata amarya ba, a kai wa Ruƙayyatu, ita babu ruwanta da auren wancan yaron. Mata suka gyaɗa kai, suka ce Bara'atu dai tana nan da kunyarta.

Da suka fita ta saki labule, ta tura ƙyaure.

Har aka kira la'asar ba ta fito ba.